Facin Tayar Mota: Na Kirki Da Na Ganin Ido

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Birnin Tsaba zuwa Zurmi, ko daga Ƙaura Namoda zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya san abin da ake nufi in an ce taya ta yi faci. Direba ya tsaya a gefen hanya. Fasinjoji su sauka su yi cirko-cirko. Mai tumatir yana duban rana, mai ɗauke da mara lafiya yana duban hanya. A da, abin bai wuce ɓata lokaci ba. Amma tun da rashin tsaro ya addabi hanyoyin nan, babu mai son motarsa ta tsaya a dokar daji ko da na minti goma ne.

Ga kuma tsada. A da ana yin tayar mota a ƙasar nan. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007. Kamfanin Dunlop shi ma ya daina yin taya a Legas a 2008. Daga nan aka koma dogaro da tayoyin waje. Da darajar naira ta faɗi a 2023, sai kuɗin taya ya ƙara tashi. Saboda haka babu direban da zai yar da taya don ƙusa ɗaya ta soke ta. Bai ma kamata ya yar ba, domin kuɗin faci ɗan kaɗan ne in aka gwada shi da kuɗin sabuwar taya. Sai dai faci iri-iri ne. Akwai wanda zai zauna har taya ta tsufa. Akwai kuma wanda zai kai mota bayan gari kawai ya saki.

Taya iri biyu ce

Akwai taya mai tif, wanda wasu ke ce wa tub. Tif shi ne robar nan mai laushi da ke cikin taya, ita ke riƙe iska. Irin ta ce a keke da yawancin babura da wasu manyan motoci. Akwai kuma taya marar tif, wadda direbobi ke kira tubles. Ita an shimfiɗa mata wata roba ce a jikinta ta ciki wadda ba ta barin iska ta wuce, bakinta kuma yana kama rim tsam. Ƙananan motocin haya na yanzu kusan duk irin ta suke sawa.

Bambancin yana da amfani a sani. In ƙusa ta huda tif, iska kan fice nan da nan. In kuwa tubles ce, robar takan matse ƙusar, sai iska ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Don haka wanda ya ga ƙusa a tayarsa ta tubles, kuma tayar ba ta kwanta ba, kada ya zare ta. Ƙusar ce ta toshe kafar. Ya bar ta a wurin, ya ja mota a hankali zuwa wurin mai faci mafi kusa. Amma kada ya ce ai tana riƙe da iska, ya yi mako yana yawo da ita. Kowane juyi da taya ta yi, ƙusar tana motsi tana ƙara faɗin ramin.

Neman inda iska ke fita

Ba kullum ne ƙusa ke da laifi ba. Mai faci na kirki yakan fara da bawul, wato ɗan bututun da ake ɗura iska ta cikinsa. In aka ɗiga masa ruwan sabulu aka ga kumfa na tasowa, to ƙwayar bawul ce ta saki ko ta lalace. Wannan gyara ne mai araha ƙwarai, ba ya buƙatar faci. Wani lokaci kuma rim ne ya lanƙwashe don mota ta faɗa rami, ko tsatsa ta ci bakinsa, iska na zurarewa ta gefe. In ba a duba waɗannan ba, sai a yi ta ƙara iska kullum ana zagin taya alhali ba ta da laifi.

In bawul da rim lafiya suke, sai a cika taya da iska, a tsoma ta a kwatarnin ruwa, ko a bi ta da ruwan sabulu. Inda kumfa ya fito, nan hudar take. A yi wa wurin alama da alli. Kada a tsaya nan. A ci gaba da juya ta har a zagaye, domin taya ɗaya kan ɗauki ƙusa biyu.

Ba kowace huda ce ke karɓar faci ba

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne ake yawan samun saɓani tsakanin direba da mai faci.

Taya tana da fuska, wato wurin da ke da zane, wanda ke taka ƙasa. Tana da gefe, inda aka yi rubuce-rubuce. Tana kuma da kafaɗa, inda fuska ta lanƙwasa ta haɗu da gefe. Masu yin taya sun ce a fuska kaɗai ake yi wa tayar ƙaramar mota faci. Kuma faɗin hudar kada ya wuce milimita 6. Wannan bai kai kaurin fensir ba. Ramin da fensir zai shige cikinsa a sake ya fi ƙarfin faci.

Me ya sa ba a yi a gefe? Fuskar taya tana da kauri, kuma akwai wayoyin ƙarfe a shimfiɗe a cikinta, don haka ba ta lanƙwasa da yawa. Gefe kuwa siriri ne, zare ne da roba kawai. Duk juyin da taya ta yi, gefen sai ya lotsa ya miƙe. Tayar ƙaramar mota takan juya kamar sau 500 a kowace kilomita ɗaya. Ke nan a tafiyar kilomita 50 gefen ya lotsa ya miƙe sau 25,000. Babu facin da zai jure wannan. Sannu a hankali zai ɗago. Zaren da ƙusa ko dutse ya tsinka kuma ba ya komawa. Ranar da aka yi lodin buhunan gero, rana ta take, kwalta ta yi zafi, nan wurin zai fashe.

Ana ganin masu ɗinke yagaggen gefe da zare, su shimfiɗa guntun tsohuwar taya daga ciki, su zura tif. Irin wannan taya ta dace da amalanken shanu. Ba ta dace da motar da ke ɗauke da mutane tana gudu ba.

Haka kuma ba a yi wa taya faci in ta yi ƙari a gefe, domin ƙarin alama ce zaren ciki ya tsinke. Ba a yi in waya ta leƙo. Ba a yi in jikinta ya tsattsage kamar kaushin ƙafa. Ba a ɗora faci a kan faci, kuma in sabuwar huda ta zo dab da tsohon faci har za su hau juna, tayar ta gama aiki. In aka leƙa cikin kwarin zanen taya, za a ga wasu 'yan tuddai a kwance a tsakani. Tsayinsu milimita 1.6 ne, bai kai kaurin tsinken ashana ba. In zane ya cinye har ya zo daidai da su, tayar ta suɗe. Wanda ya biya kuɗin facinta ya yi asara, don gobe ƙayar aduwa ma tana iya huda ta.

Yadda ake facin tubles

Akwai hanyar da ta fi sauri, kuma ita aka fi gani a tashoshi. Mai faci zai zare ƙusa, ya soka wani tsinke, ya cusa igiyar roba mai danƙo daga waje, ya yanke saura. Ko taya ba a cire daga mota ba. Minti biyar an gama. Wannan yana da ranarsa. Yana fitar da mutum daga daji ya kai shi gari, kuma yana da kyau direba ya ajiye kayansa a mota tare da famfo. Amma na wucin gadi ne. Aibinsa shi ne babu wanda ya ga cikin tayar.

Facin kirki sai an raba taya da rim. Dalili kuwa, ɓarnar da ta fi haɗari daga ciki take. Ƙusa doguwa tana iya shiga ta fuska, tsininta ya riƙa kartar gefe daga ciki. In kuma an yi tafiya da tayar tana kwance, rim ya riga ya niƙe ta. Alamar haka ita ce a tarar da baƙin gari kamar na gawayi a ciki, ko a ga wani layi ya zagaye gefen kamar an goge shi. Tayar da ta nuna haka ta mutu, ko da daga waje tana sheƙi.

In ciki lafiya yake, sai a zare ƙusar a lura da yadda ta shiga, a tsaye ko a karkace. A bi ramin da ɗan ƙarfe mai kaushi a share shi, a bi shi yadda ƙusar ta bi. Daga nan a koma ciki. A goge kewayen ramin, a kankare shi kaɗan da samfefa ko dutsen gurza har ya yi kaushi. Wurin da aka kankare ya ɗan fi facin faɗi. Kada a zurfafa har a kai ga zare. A share garin tas. Sannan a shafa sholisho siriri, a bar shi ya sha iska.

Wurin jiran nan ne aiki ke yawan lalacewa. Direba na tsaye yana cewa, “Malam, yi sauri mana, fasinja na jira.” Mai faci shi kuma ya manna faci a kan ɗanyen sholisho. Ba zai kama ba. Sai sholisho ya daina sheƙin ruwa, ya zama danƙo, tukuna. Kuma ba a taɓa wurin da yatsa, ba a taɓa fuskar facin, don maiƙon hannu da ƙura suna hana shi kamawa. 'Yan mintocin nan da ake ganin an ɓata, su ne ke hana kwana a hanya.

Aikin faci biyu ne: a toshe ramin, a kuma rufe shi daga ciki. Akwai faci mai jela, wanda ya yi kama da ƙusa mai faffaɗan kai. Ana zura jelar ta cikin ramin daga ciki, a jawo ta waje, kan ya kwanta a jikin taya. Shi ne ya fi. In babu shi, a cika ramin da roba, sannan a manna faci daga ciki. Wani zai ce, in an manna faci daga ciki iska ta daina fita, mene ne na toshe rami? Amsa ita ce ruwa. Da damina mota na ratsa kududdufi da laka. Ruwa zai shiga ramin ya tarar da wayoyin ƙarfe, su yi tsatsa, roba ta rabu da su. Bayan 'yan watanni sai a ga fuskar taya ta kumbura, ko ta ɓare ana cikin gudu.

Bayan an manna, a danne facin sosai da abin murzawa, daga tsakiya zuwa baki, don kada iska ta maƙale a ƙarƙashi. A yanke jelar da ta leƙo waje daidai da zane. A shafa ruwan sabulu a bakin taya, a mai da ita kan rim, a ba ta iska. Sannan a sake tsoma ta a ruwa a gaban mai ita. Direba yana da haƙƙin ya ce, “Maigida, don Allah a buɗe ta in ga ciki,” kuma mai facin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Abu biyu ne mai faci ba zai yi ba ko an roƙe shi. Kada ya zuba fetur a cikin taya ya ƙyasta ashana don bakinta ya hau rim. Kada kuma a yi wa rim walda taya na jikinsa, ko da an sace iskar. Zafin walda yana sa taya ta fashe kamar bam, kuma an sha rasa rayuka ta haka. Wajen hawar da baki, iska kada ta wuce 40 a geji. In bai hau ba, a sace, a ƙara sabulu, a sake. Mai ba da iska ya tsaya daga gefe, kada ya sunkuya a kan taya.

Saura batun zura tif a cikin tubles da ta lalace. Ana yi, amma ba gyara ba ne. Ramin yana nan, ruwa na shiga. Cikin tubles kuma ba sumul yake ba, yana gurzar tif, zafi na taruwa. Ranar da ya huje, iska gaba ɗaya za ta fice.

Facin tif

Wannan kowa ya saba gani. A ciro tif, a hura, a tsoma a ruwa, a yi alama. A kankare, a shafa sholisho, a jira, a manna. Masu facin wuta kan ɗora ɗanyar roba, su matse ta a ƙarƙashin ƙarfe mai zafi har ta dahu ta zama jiki ɗaya da tif. Dabarar dafa roba tsohuwa ce. Wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ne ya gano a 1839 cewa in aka haɗa roba da farar wuta aka gasa, takan yi ƙarfi ta daina narkewa a rana.

Abin da ake mantawa shi ne ƙayar da ta yi ɓarnar. Sau da yawa tana nan maƙale a jikin taya. A bi cikin tayar da tsumma, inda ya sarƙe nan take, a cire ta. In ba haka ba, kafin a kai Dauran ta sake huda tif ɗin. A ɗan hura tif kafin a mai da shi don kada ya naɗe, a kuma yi hankali kada liba ta cije shi. Tif ɗin da ya yage a gindin bawul, ko wanda faci ya yi masa yawa, a sake sabo.

Af, ga wata magana a kan sholisho. An yi shi ne don roba. Yaran da ke shaƙarsa suna lalata ƙwaƙwalwarsu da huhunsu. Mai faci ya rufe gwangwaninsa, ya sa ido a kan yaran shagonsa, kada kuma ya sayar wa yaron da ba shi da keke ba shi da taya.

Iska daidai wa daida

Bugun taya da ƙafa ko da sifana ba awo ba ne. A sa geji. Yawancin ƙananan motoci suna shan tsakanin 30 da 35. Adadin kowace mota yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, ba ita ake bi ba. Da safe ake awo, kafin taya ta yi zafi.

Wasu direbobi kan rage iska da bazara, wai don kada zafi ya fasa taya. Wannan kuskure ne. Tayar da iska ta yi wa kaɗan ita ta fi lotsawa, ita ta fi ɗaukar zafi, ita ta fi saurin fashewa. Ga shan mai. In aka haɗa mata da lodin da ya wuce kima, to ko facin kirki ba zai cece ta ba.

In abin ya faru a hanya

In taya ta fashe ana gudu, direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Kada ya taka birki da ƙarfi. Ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, mota ta rage gudu da kanta, sannan ya gangara gefe. Ya nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. Ya ja birkin hannu, ya sa giya, fasinjoji su sauka su matsa nesa da titi. A sa dutse a tare ƙafar da ke ɗaya kusurwar, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku a bayan mota. A sassauta notuna tun mota na ƙasa, sannan a ɗaga. In wurin yashi ne, a sa katako mai faɗi a ƙarƙashin jak. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Wajen ɗaurewa, ba a bin notuna a jere. A ɗaura wannan, a tsallaka na gabansa, a ƙarasa matsewa bayan an sauke mota. Siririyar safaya irin wadda ke zuwa da wasu motoci ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, kuma ta kai mutum wurin mai faci ce kawai.

An faɗa a baya cewa tafiya da kwantacciyar taya tana kashe ta. Gaskiya ne. Amma in wurin da abin ya faru ba wurin tsayawa ba ne, direba ya lallaɓa a hankali har ya kai gari ko inda mutane suke. Taya da rim ana sayen wasu. Abin da ya fi shi ne a duba safaya da jak da sifana tun a tasha, kafin a yi lodi. Sau nawa ake buɗe bayan mota a tarar safayar ma ba iska?

Karatun jikin taya

Ga inda karatu ke yi wa mutum rana. In taya ta ƙi faci, dole a sayi wata, kuma da yawa ta hannu suke saye. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da gwamnatin tarayya ta hana shigowa da su, amma suna nan a kasuwa. Wasu an shafe su da baƙin mai suna ƙyalli. Wasu an sake yanka musu zane da wuƙa, abin da ke kai ƙarfe kusa da waya. Mai saye ya leƙa ciki ya ƙirga faci, ya lanƙwasa gefe ya ga ko akwai tsaga.

Sannan ya karanta. A gefen taya akwai manyan lambobi kamar haka: 195/65 R15. Lamba ta farko faɗin taya ce a milimita. Ta ƙarshe girman rim ne a inci. A sayi wadda lambobinta suka yi daidai da na sauran ƙafafun.

Akwai kuma wani layi da ya fara da haruffa uku, DOT. A ƙarshensa akwai lambobi huɗu, galibi a cikin ɗan zagaye. Su ne ranar haihuwar taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019, wato farkon watan Yuni. Wani lokaci lambobin a gefe ɗaya kaɗai suke, sai an juya taya. In lambobi uku ne kawai, an yi ta kafin shekarar 2000, kada a ko taya ta.

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, balle a ƙasa mai zafi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da yi. Kamfanin Michelin kuwa ya ce in taya ta shekara 5 ana aiki da ita, a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara, in ta kai shekara 10 da yi a sauke ta ko da zanenta bai cinye ba.

Ga aikin yi ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci. Kowa ya nemi mota ɗaya a tasha ko a ƙofar gida, ya nemi izinin mai ita, ya kwafo lambobi huɗun nan na kowace ƙafa har da safaya. A kawo aji a lissafa shekarun kowace taya tare da malami, sannan a mai da wa mai motar amsa a rubuce.